Na-Gani da Jelar da Kyamara Ta Kama

Kawun matata mai gadin gandun daji ne, kuma tun kafin in shigo danginsu ake ce masa Na-Gani. Barewa ce ta jawo masa sunan. Ya ce akwai saura guda ɗaya a gandun, mai tabo a kafaɗa, kuma duk wanda ya yi musu sai ya dafa ƙirji ya ce, "Na gani!" Da mutane suka gaji da musun sai suka bar masa kalmar ta zama suna.

Ɗakin gadinsa ba komai ciki sai benci, da tocila, da takalman roba da suka gama aiki amma ya ƙi zubarwa. Aikinsa korar masu sarar itace, waɗanda rabinsu surukansa ne, don haka korar takan ƙare da tambayar lafiyar yara.

Bara aka ce za a ba masu fasa dutse gandun, sai fa in an nuna akwai dabbar da ta cancanci a bar mata wuri. Wata jami'a ta kawo masa kyamarori iri uku, waɗanda ake ɗaurewa a jikin bishiya su ɗauki hoto da kansu in abu ya gifta. Ofis yana so a gwada a ga wadda ta fi, shi kuwa Kawu shaida yake nema.

Ranar da zai je duba su ya biyo mini. "Malam, zo ka raka ni, allon nan ya yi wa idona ƙanƙanta."

Da muka bi ta ƙofar gidansa, Gwaggo, matarsa, ta leƙo ta taga. "In kun samu barewar ku gaishe ta. Ku ce mata ta cinye mana takalma."

Muka bi ƙorama muka hau tudu, yana gaba yana nuna mini sawu, ina baya ina neman numfashina. Kowace kyamara ya riga ya raɗa mata suna. Ta farko Mai-Barci ce, ita ce mafi kyawun hoto, amma sai abu ya kai girman mutum take farkawa. Hoto ɗaya muka tarar a cikinta: fuskar Kawu lokacin da yake ɗaure ta, har gashin hancinsa ana iya gani.

"To, an samu dabba ɗaya," na ce.

"Wannan ma ta kusa ƙarewa," in ji shi.

Ta biyu 'Yar Zumuɗi. Ganye ya motsa ta ɗauka, inuwa ta motsa ta ɗauka, har batirinta ya mutu tun ranar farko. Muka yi ta wuce hotunan reshe guda, Kawu yana cewa, "Tsaya, koma baya," kamar barewar za ta sauko daga kan reshen.

Ta uku tana can kan dutse, wajen wani ɗan gurbin ruwa. Makararriya. Ita sai abu ya wuce take tunawa da aikinta. Hanya ba kowa. Hanya ba kowa. Diddigen wani mai ɗauke da gatari, wanda Kawu ya gane nan take ya ce zai yi wa babansa magana. Sai kuma, a can gefen wani hoto, jela. 'Yar gajeriya, a ɗage, sauran dabbar ta riga ta fice.

Ashe ni ma ina so a same ta. "Kawu, ga ta! Wa zai iya cewa ba ita ba ce?"

Ya karɓa ya kai kusa da ido, ya nisanta, ya sake kusantarwa. Ya daɗe.

"Akuyar mai wanki ce," ya ce. "Ni na ɗaure mata ƙafa da ta karye."

"Ai ofis ba su san akuyar mai wanki ba."

"Ni na san ta."

Muka zauna a kan dutsen muka raba ruwan gora. Na tambaye shi yaushe rabonsa da barewar. Ya ce shekarar da aka haifi ɗansa Auta. Auta kuwa yanzu gemu gare shi, yana tuƙa tifa. Ban ce komai ba game da tsawon ran barewa, shi ma bai ce ba. Ya dai goge gilashin Makararriya da bakin rigarsa, ya juya ta ta fuskanci ruwan sosai.

Da jami'ar ta zo ta tambaye shi wacce ta fi a cikin ukun, ya ce duk lafiyarsu ƙalau, kowacce ta ɗauki abin da ke akwai.

An ba da gandun. Masu fasa dutsen mutanen kirki ne, sun bar shi a ɗakinsa, sun ƙara masa hular kwano da sandar ɗage shinge. Yanzu tifofi yake buɗe wa hanya, har da ta Auta. Duk wadda za ta shiga sai ya ƙwanƙwasa ƙofar direba ya ce, "A hankali wajen gurbin ruwan nan, abu yana iya giftawa." Su ce, "To, Baba," su taka mai.