Fofal ɗin da Malam Ya Bari

Mijina ya rasu ya bar mini bishiyar da ba ta taɓa yin ɗa ko ɗaya ba. Ina faɗa ina kuka, ke kuma 'yata ki rubuta, kada ki gyara mini magana.

Malam maciyin goro ne tun muna Kano. Da muka zauna a Ƙuba, nan Madina, goro ya riƙa yankewa, sai wani maƙwabcinmu ɗan Bangaladash ya koya masa taunar fofal, wani ƙwallo mai tauri kamar tsakuwa da ake naɗewa a ganye. Bakinsa ya koma ja wur. Ni ban ga abin so ba. Shi kuwa har tsiron ya samo, ya dasa a rabin ganga a tsakar gida.

Fofal itacen ƙasar ruwa ne, Madina kuwa kin san ranarta. Sai ya ja gangar ƙarƙashin bututun mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, inda ruwa ke ɗiga, ya yi mata rumfa da buhu, kullum da hantsi ya jiƙa buhun. Shekara tara yana wannan bauta.

Na ce, "Malam, garin da dabino ke zuba a ƙasa, ka rasa abin reno sai wannan sandar?"

Ya ce, "Hajiya, ke ma dashe ce, ai kin kama."

Na ce ni dai na haifa masa huɗu.

Da ya tafi, ni na gaji jiƙa buhun. Ina tsaki, hawaye na zuba. A duk gidan bishiyar nan kaɗai ta rage da ke jiran abin da ya saba yi.

Sai aka kwantar da ni kwana huɗu don aikin ido, tsakiyar zafi. Yayanki injiniya, da ya yi aikin wata shida a Khaibar, garin dabino, ya dawo yana jin ya fi kowa sanin itace, ya yaye buhun, ya janyo gangar tsakiyar rana, ya juya bututun zuwa magudana. Abin da na fara gani da sabon idona ke nan: ganye ya ƙone ƙurmus.

Ya ce, "Yumma, ai nakhla ce, wato dabino, dabino kuwa rana yake so. Baba ne ya shagwaɓa ta."

Na ce, "Duk karatunka, ka taɓa ganin dabino mai santsin jiki?"

Na sa ya mayar da komai yadda yake. Mako biyu ina jiƙa buhu a kan gawa, har kan bishiyar ya karye ya faɗo.

Wai don ya ba ni haƙuri, ya kawo mini ɗan tsiron dabino daga Khaibar. Yana can bakin ƙofa. Ko ɗigo ban ba shi ba, ga shi nan kore shar, marar kunya.