Kurciya Mai Zobe, Daga Muchia Zuwa Samaru

Ƙyallin ne ya fara ɗaukar idona. Ina kwashe shanya a tsakar gidanmu da ke Muchia, da la'asar, cikin zafin bazara, sai na hango wani abu yana walƙiya a gindin randa. Kurciya ce kwance, baki buɗe, tana haki. Ba irin tamu ba ce. Fukafukanta jaja-jaja ne da ɗigon baƙi, a wuyanta akwai zane fari da baƙi kamar an sa mata sarƙa. A ƙafarta ta dama kuma ga zoben ƙarfe mai ƙananan rubutu.

Ni da na ƙare 'yammatancina a kan littattafan soyayya na haya, nan take zuciyata ta tsara labari: wani saurayi ne a wata ƙasa ya aika wa masoyiyarsa saƙo, tsuntsuwar ta yi ɓatan hanya. Ina murmushi na kira Inna, mahaifiyata. Tana ganin ƙafar ta saki kwanon da ke hannunta.

"Innalillahi! Ke, kifa mata kwando. Ga yayanki nan."

Shekara uku ke nan da yayana ya fita da safe bai dawo ba, ba wasiƙa, ba sallahu. Mutane sun sha gaya wa Inna kurciya aka yi masa, wato asirin nan da ake ɗaura wa kurciya abu a ƙafa a sake ta, sai mutum ya kasa zama a gida, ya yi ta bin duniya. An kuma ce maganin ɗaya ne, a kama tsuntsuwar da ranta a kwance abin. In ta mutu da shi a ƙafa, mutum ya tafi ke nan.

Mun tashi da asuba, ni da Inna, da kurciya a cikin kwalin sabulu da na huhhuda da tsinke. Samaru za mu, wurin wani malami da marigayi Babanmu ya yi karatu a zaurensa. Sabon Gari tana farkawa, masu kayan gyaran mota suna ɗage ƙofofin shaguna, mai ƙosai ta ɗora kasko, ana jin waƙar safe daga wata coci. Ban iya karyawa ba. Kowane taku sai na kara kunnena a kwalin.

Shekarar ce ake ta maganar murar tsuntsaye, ko kaza mutum ya riƙo sai an dube shi sau biyu. Don haka na lulluɓe kwalin da mayafina kafin mu shiga bas. Ba mu yi nisa ba ta yi motsi, ƙarar farcenta ta fito sarai. Wata 'yar kasuwa Inyamura da ke kusa da ni ta janye buhun attaruhunta.

"Yarinya, mene ne wannan yana tafiya a ciki?"

"Magani ne," in ji Inna, ba ta ko juyo ba.

"Magani mai ƙafa?"

Motar ta kwashe da dariya, har kwandasta ya ce in maganin ya yi atishawa zai sauke mu. Na yi yaƙe, na ƙara rungume kwalin.

A Kwangila muka tarar da cunkoso, wata tirela ta gindaya, 'yan acaɓa suna kurɗawa ta ko'ina. Rana ta fito, bas ta zama tanda. Daga nan kwalin ya yi tsit. Na girgiza shi a hankali, shiru. Na dubi Inna, leɓɓanta suna motsi, idonta a hanya. Ban gaya mata ba, ban kuma iya leƙawa ba. Haka muka wuce gonaki da dogayen itatuwan bakin titi, ɗalibai suna shiga suna sauka da Hausarsu rabi Turanci, ni kuwa ina rungume da abin da ban sani ba ko gawa ce. Sai da muka sauka a kasuwar Samaru na ɗaga murfi. Ƙwayar ido ja ta dube ni. Na ɗiga mata ruwa a baki da yatsa.

Da muka isa zaurensa, Malam ya sa tabarau ya daɗe yana juya ƙafar. Ya ce shi dai bai ga hatimi ba, bai ga harafin Larabci ko ɗaya ba, wannan boko ne, kuma ba zai faɗi abin da bai sani ba. Ya raka mu da kansa bayan layinsu, gidan wani dattijo Bayarabe da ya yi aikin kula da dabbobi a Shika har ya yi ritaya.

Dattijon yana ganin ta fuskarsa ta washe. Ya ɗauko gilashin ƙara girman rubutu ya karanta lamba da sunan wani birni a Turai. Ya ce masu nazarin tsuntsaye ne ke sa musu zoben tun suna can, don su san inda suke zuwa. Wannan 'yar abar da ba ta cika tafin hannu ba, in ji shi, in sanyi ya matso ƙasarsu takan ƙetare teku, ta ƙetare hamada, ta zo ta yi watanni a wajenmu, in lokaci ya yi ta koma, sau da yawa har dajin da aka ƙyanƙyashe ta. Ba mai nuna mata hanya. Yanzu ma shirin komawa take, zafi da ƙishi ne suka kayar da ita. Na tsaya baki sake. Duk littattafan da na karanta ba wanda ya zo da tafiya irin wannan.

Na juya in ga farin cikin Inna, sai na ga fuskarta ta zube.

"Baba, kana nufin ba wanda ya yi wa ɗana komai?"

"Mama, wannan dai ba ruwanta da ɗanki."

"To ashe da ƙafarsa ya tafi ya bar ni."

A nan na gane shekara uku asirin nan ne yake riƙe da ita, domin wanda aka kora da asiri ba shi da laifi. Can ta share ido da bakin gyale ta ce, "Cire zoben dai."

Dattijon ya dubi Malam, Malam ya dubi ƙasa. Sai dattijon ya kwafe lambar a takarda, ya ce zai rubuta wa masu ita, sannan ya ɗauko ƙaramar filaya ya buɗe zoben a hankali ya sa wa Inna a hannu. Kurciyar ya riƙe ta, ya ce sai ta yi ƙarfi zai sake ta.

Kafin azahar mun dawo Muchia. A hanya Inna ta sayi masa mai zafi ta ci har huɗu, abin da na daɗe ban gani ba. Ni kuwa na dawo da sanin cewa gaskiya ma tana da nauyi, ba kowa ke iya ɗaukarta a rana ɗaya ba.

Yayana ya dawo shekara huɗu bayan wannan tafiya tamu, daga Kwatano, baƙi, ramamme, da sana'ar gyaran janareto. Yanzu yana unguwar Zabi da matarsa da 'ya'ya biyu. Ranar da ya dawo ya durƙusa ya gaya wa Inna ba wanda ya yi masa komai, jarrabawa ya faɗi karo na uku, kunyar haɗa ido da ita ta kore shi. Inna ta saurare shi har ya gama, ta tura masa kwanon tuwo.

"Ci abinci," ta ce. "Kai me ka sani?"