Baitin Loni

A ƙauyenmu, can cikin duwatsun ƙasar Salzburg, mutane sun fi sanin muryar Apollonia a kan fuskarta. Loni ake ce mata. Tun tana yarinya take hawa benen mawaƙa da ke can baya a cikin coci, inda mahaifinta Malam Veit yake zama gaban ogan, babban abin kiɗan coci, don shi ne malamin makaranta, shi ne kuma shugaban mawaƙa. Jama'a na ƙasa sun ba ta baya sun fuskanci bagadi, ita kuma daga sama ba ta ganin komai sai ƙeya da sanƙo da ɗankwali.

A zamanin Malam Veit Misa, wato babbar ibadar coci, ba abin gaggawa ba ce. Shaidar Bangaskiya kaɗai, idan aka fara rera ta da Latin, mai shanu zai iya fita ya leƙa garkensa ya dawo bai rasa Amin ba. A tsakiyarta akwai baiti ɗaya, inda ake cewa Ɗan Allah ya ɗauki jiki daga Budurwa Maryamu ya zama mutum. Idan an zo nan sai masu goge su sassauta, maza su yi shiru, ogan ya koma kamar numfashin mai barci, Loni ta ɗaga murya ita kaɗai. Sai ta ga coci gaba ɗaya ya durƙusa, tun daga mai gari har mai kiwon awaki. Wannan baitin shi ne dukiyarta, ba ta kuwa da wata.

Lokacin da ta isa aure, wani manomi mai suna Blasius ya sauko daga gonarsa ya cire hula a gaban Malam Veit.

"Malam, na zo neman Loni."

Tsohon bai ko cire lofe daga bakinsa ba. "Gonarka tana ina?"

"Ai ka san inda take, Malam. Can sama, bayan daji."

"Na sani. Ran da ƙanƙara ta rufe hanya, wa zai yi mini baitin? Saniyarka?"

"Akwai 'yan mata a gari."

"Akwai kaji ma a gari, duk suna da baki."

Loni tana kicin tana jin komai. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, domin tana son Blasius, ba ta ɓoye wa kowa ba. Da ya tafi, mahaifinta ya shigo ya dafa kanta ya ce, "Masu tatsar nono sun cika duniya, 'yata. Wadda gari ke durƙusawa idan ta buɗe baki, ke kaɗai ce." Ta share hawaye ta yarda. Ni dai ban taɓa yafe wa tsohon nan wannan magana ba, Allah ya ji ƙansa duk da haka.

Blasius ya auri wata, Loni ce ma ta yi waƙa a ɗaurin auren. Ta yi waƙa a baftismar 'ya'yansa, ta yi a jana'izar uwarsa. Tana dafa wa mahaifinta miyar kabeji, tana share ajin makaranta, tana naɗe wuyanta da gyale rani da hunturu. Ba ta shan ruwan sanyi, ba ta ɗaga murya ko a kan kare, kada makogwaro ya sami matsala. Ƙawayenta suka yi jikoki. Idan abin ya dame ta sai ta jira Lahadi, ta ga kawunan nan sun yi ƙasa, zuciyarta ta kwanta.

Da Malam Veit ya rasu, ƙaninta Kilian ya gaji makaranta da ogan. Ba a jima ba tsohon Fada, limamin cocinmu, shi ma ya bi shi, aka aiko da sabo daga birni, Fada Kajetan, matashi mai saurin tafiya da saurin magana. Ya zo da umarni daga sama cewa an daina jan Misa, waƙa ta taƙaita, mutane su yi ibada su koma bakin aikinsu. Gaskiya manoma ba su yi baƙin ciki ba. Cocinmu da hunturu sanyi gare shi kamar rijiya, ga gasasshen nama da giya suna jira a gidan baƙi da ke tsallaken hanya.

Sai dai ba a yarda a zubar da kalma ko ɗaya daga Shaidar Bangaskiya ba. Kilian ya yi abin da mawaƙan birni ke yi: ya yayyanka ta kashi huɗu, ya raba wa muryoyi huɗu, kowa ya rera nasa a lokaci guda. Yayin da Loni ke cewa ya zama mutum, mahaucin garinmu mai babbar murya yana gicciye shi, na kusa da shi ya riga ya tashe shi daga matattu, ɗayar kuma ta kai ga baftisma. Kafin ka gyara tsayuwa an ce Amin. Wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ya san irin sautin.

"Haka ake yi a birni, Yaya," in ji Kilian ranar da suka fara gwadawa. "Ba abin da aka cire. Duk kalmomin suna nan."

"Suna nan a ina? Wa zai ji su?"

"Allah yana ji. Shi ai ba sai an jera masa ɗaya bayan ɗaya ba."

"Kai, Kilian, ka ji tsoron Allah. Ni na goya ka, yau kai ne za ka cusa ni ƙarƙashin muryar mahauci?"

"To me zan yi? In Fada ya kore ni daga ogan, makaranta ma ta tafi. Ke za ki ciyar da yarana da baiti?"

Ta haƙura ta yi ta rerawa cikin hayaniyar, ko kanta ba ta ji. Ta daina ma leƙa ƙasa, don ba ta son ganin coci a wannan hali. Ta rame, ta zama mai faɗa, matar Kilian ta fara cewa tsufa ne.

Da Kirsimeti ya gabato, ta tare Fada Kajetan a ƙofar coci.

"Fada, alfarma nake nema. Ranar haihuwar Ubangiji ce. A bar ni in yi baitin yadda ake yi da, sau ɗaya tak."

"'Yata," in ji shi, alhali a shekaru ta haife shi, "ibada ba nunin murya ba ce."

"Ba don ni ba, Fada. Mutane sun saba durƙusawa a wurin."

Ya yi murmushi yana gyara rigarsa. "Ki yi magana da ƙaninki. In lokaci ya bari, to."

Ta riƙe wannan "to" da hannu biyu. Ta matsa wa Kilian har ya zaro tsohon rubutun kiɗan mahaifinsu, ya yarda za a ruga farkon Shaidar kamar kullum, amma idan an zo wurinta kowa zai yi shiru. Mako guda tana shan madara mai ɗumi da zuma, ba ta magana sai da hannu.

Da safiyar Kirsimeti coci ya cika har ƙofa. Aka fara Shaidar Bangaskiya, Loni ta matso bakin bene ta leƙa, karo na farko bayan watanni. A al'ada Fada yana karanta tasa Shaidar a hankali a gaban bagadi yayin da mawaƙa ke rera tasu. Tsohon Fada yakan ja nasa karatun, ya jira. Wannan kuwa bakinsa kamar injin niƙa. Mawaƙa ba su ko kusa da baitin ba, sai ta ga ya kai gwiwa ƙasa. Coci gaba ɗaya ya durƙusa tare da shi, ya miƙe, suka miƙe, suna kaɗe gwiwoyi. Ita ba ta ko ja numfashi ba tukuna.

Sannan masu goge suka sassauta, maza suka yi shiru. Ta buɗe baki, muryar kuwa ta fito yadda ba ta fito ba cikin shekaru. Ba wanda ya durƙusa a ƙasa. Wani ya yi tari, wata tana gyara wa ɗanta hula. Tana tsakiyar sunan Maryamu Fada ya juyo ya fuskanci jama'a ya ware hannuwansa, kuma kowane mai ogan ya san idan Fada ya juyo, kiɗa ya ƙare. Kilian ya ɗage yatsunsa. Muryarta ta yi tafiya ita kaɗai kalma biyu ko uku, sannan ta mutu.

A waje, mutane na ta gaisawa suna nufar gidan baƙi, sai Loni ta ci karo da Blasius. Ya yi furfura, jikarsa na riƙe da hannunsa.

"A'a, Loni! Barka da Kirsimeti. Me ya same ku a sama yau? Na ji kamar wata ta makara."

"Blasius, in tambaye ka. Shekarun nan duka, idan na yi baitina, me ya sa kuke durƙusawa?"

"Wane baiti?"

"Wanda nake yi ni kaɗai."

Ya sosa ƙeya. "Ke ce ke yin wannan? Na ɗauka kuna karɓa-karɓa ne. Mu ai Fada muke kallo, in ya durƙusa mu durƙusa. Wa ya san Latin a cikinmu? Amma tsohon Fada kam ya wahalar da gwiwoyinmu a wurin nan, ya daɗe a ƙasa." Ya yi dariya, ya ja jikarsa suka wuce. Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

Lahadin da ta biyo baya Loni ba ta hau bene ba. Kilian bai tambaye ta dalili ba, domin a madadinta ya riga ya tanadi 'yar maƙeri. Ta shiga ta babbar ƙofa kamar kowa, a karo na farko tun tana yarinya, ta tsaya tana neman wurin zama. Sai dai a cocinmu benci na gida ne. Kowace gona tana da nata, da sunanta a jiki, mace kuma tana zama ne a na gidan mijinta. Na gidan malami ya cika da matar Kilian da yaranta. Ta bi layi tana karanta sunayen, har ta iso na gonar bayan daji, inda matar Blasius ke zaune cikin surukai da jikoki. Matar ta ɗago ta gaishe ta da kai, ba ta matsa ba, babu ma inda za ta matsa.

Loni ta koma baya, ƙarƙashin bene, inda barorin gona ke tsayawa a kan dutse. Wata baranya ta ɗan gusa mata ta raɗa, "Iya, ke baƙuwa ce a nan?"

"E," in ji Loni.