Ranar da na shafa lemo a gemu

Ban taɓa mantawa da ranar da bailasan ya shigo funduƙinmu ba, kuma ku sababbin shiga gara ku ji daga bakina kafin masu shara su ƙara masa gishiri.

Ni gahwaji ne, wato mai shayi da gahawa, a wani ƙaramin funduƙin alhazai, wato otal, a unguwar Jarwal, nan Makka. A tsarin gidan akwai mudir, wato manaja, a sama, sai masu tarbar baƙi, sai masu ɗakuna, sai ni da butocina a bakin ƙofa. Karatuna bai wuce na gane lambar bene ba. Amma hancina da harshena sun yi digiri.

Cikin watan Rajab ne, shekarar da aka kawo mana sabon mudir, Ustaz Faisal. Jikan Hausawa ne, haifaffen Makka. Hausarsa irin ta 'ya'yanmu na nan ce, rabi a baki, rabi a aljihu. Wata safiya ya dire mini kwalin kwalabe masu hoton farin fure.

"Ammu Ɗanlami, hada sharab jadid. Daga Turai. Sunanta bailasan."

"Wa ye bai lasa ba?"

"Bailasan! Fure. Ka sa kaɗan, ka sa moya da yawa. Mai so sanyi, sanyi. Mai so zafi, zafi. Kowane baƙo ya zo, ka ba ta."

Wato sabon abin sha ne da ake sirkawa da ruwa. Na ce to. Na fara gwada shi a kaina, don ba na miƙa wa mutum abin da ban ɗanɗana ba. Da ƙanƙara, zaƙi ne da ɗan tsami, ya ratsa maƙogwaro a hankali. Da ruwan zafi kuwa, tururin na tashi sai na ji kamar uwargida ta buɗe akwatin kayanta na biki. Na sha na farko don aiki, na biyu don tabbatarwa, na uku kuma ban da hujja.

Ga abin da wanda bai yi aikin nan ba bai sani ba. Baƙon da ya ɗauro harami, wato fararen mayafan nan biyu, ba ya taɓa turare sai ya gama umara ya yi aski. Don haka idan ayari zai iso, masu ɗakuna kan kwashe sabulu mai ƙamshi, a kashe turaren wuta, ni kuma ko za'afaran ba na sa wa a gahawa. Ranar duk mun yi wannan. Bailasan ne kawai bai faɗo wa kowa a rai ba.

Bayan la'asar motar Madina ta tsaya. Cikin waɗanda suka sauko akwai wani dattijo, Malam Buhari, manomin albasa daga wajen Sakkwato, zuwansa na farko. Ƙishi ya ci shi. Na miƙa masa mai sanyi ya shanye a tsaye, na ƙara masa. Sai na kusa da shi ya ce shi yana mura, mai zafi yake so. Ina tsiyaya ruwan zafi ƙamshi ya cika zauren.

Wata Hajiya ta ce, "La ilaha illallahu! Turare!"

Malam Buhari ya shinshina kofinsa, ya dube ni.

"Bawan Allah, mi kab ba ni?"

Kafin in buɗe baki ya zauna daɓas a kan jakarsa. Ya ce tun daga miƙati ko kansa bai sosa ba, sabulu bai taɓa ba, ga shi a ƙofar Harami ya ɗura turare a cikinsa. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ba ya zuwa gaban Ka'aba da harami ɓatacce, a bar shi nan. Jama'a sun shirya, mota na jira, dattijo ya ƙi motsi.

Ustaz Faisal ya fito da gudu don ya gyara.

"La, la, ya Hajj! Hada bailasan! Bailasan!"

"Wa ab bai lasa ba? Ni da nash shanye kofi biyu?"

"Ba turare! Fure bas! Ƙamshi kawai!"

"To ai ka faɗi da bakinka!"

Na ja hannun rigarsa na ce, "Ustaz, don Allah ka koma Larabci."

Jagoran ayarin wani ɗalibi ne ɗan Kano, Malam Auwalu, mai karatu a nan Makka. Ya karɓi kwalbar, ya karanta bayanta tsaf, ya ɗanɗana. Sannan ya durƙusa gaban dattijon ya ce, "Baba, wannan abin sha ne, sukari ne da fure da lemon tsami. Ba a yi shi don shafawa ba. Kamar na'ana'a ne a shayi. Haraminka na nan lafiya, babu komai a kanka."

Malam Buhari ya girgiza kai. "Ɗiyana, kana lallashi na ne. Hancina ba ya ƙarya. Wanga abu turare na."

Na ga fatawa ta fita daidai, amma ba ta sami wurin zama ba. Ni kuma ba ni da aya ko hadisi, sai gemu. Na ce, "Malam, ni ba ni da harami. Idan turare ne, ai a jiki ake gane shi." Na zuba tsantsarsa a tafin hannu, na shafe gemuna da shi sama da ƙasa, kamar ango ranar Juma'a.

Nan take gemu ya dunƙule kamar an tsoma shi a alewa. Yatsuna suka manne. Na zari mandil, wato tishu, zan goge, takardar ta yayyage ta liƙe mini fari-fari har kunne. Sai ga wani ƙuda, Allah kaɗai ya san daga inda ya fito a gidan da ake feshi kullum, ya zo ya sauka a haɓata ya yi zamansa.

Malam Buhari ya kalli ƙudan, ya kalle ni. Kafaɗarsa ta fara rawa. Ya yi dariya har mayafinsa ya zame.

"Wallahi ban taɓa ganin ƙuda ya bi almiski ba. Malam Auwalu, gaskiyarka. Mu tafi."

Ya miƙe yana talbiya, ayari ya bi shi. Ustaz Faisal ya dube ni ya ce, "Ammu, je ki wanke." Wankin bai yi wani amfani ba. Da na koma gida a unguwar Shisha uwargida ta shinshina ni, ta ce in faɗa mata gidan wa na biya.

Washegari na shirya sabon tsari, mudir ya amince. Mai mayafi biyu, zamzam da shayi tsura. Bailasan sai an ga ƙwaryar kai na sheƙi.

Abin da na koya ke nan, yara. A garin nan kafin ka tsiyaya wa baƙo komai, dubi abin da ke jikinsa. Mutanen nan sun taho daga nesa da abu guda a hannu suna tsoron kada ya fashe, kuma kofi ɗaya na iya tsinka musu zuciya. Idan hakan ta faru, malami zai faɗi hukunci, amma wani lokaci sai an sami wanda zai yarda a yi masa dariya.

Da hantsin washegarin nan sai ga Malam Buhari ya sauko, kai a aske tas, fuska na walƙiya. Ya ja kujera kusa da butocina.

"Mai gemu, kawo mini bai-lasa-ba ɗin nan."

"Mai sanyi ko mai zafi?"

"Mai zafi. Yau ƙamshin nika so."