Ba Zan Goge Sunanki Ba, Injiniya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bana shekara shida ke nan da ruwan sama ya fasa rufin ɗakin takardu na asibitinmu, har muka yi mako muna shanya katunan marasa lafiya a baranda. A shekarar aka kawo ki, Injiniya, don ki zuba abin da ya tsira cikin kwamfuta. Ranar Talatar da ta wuce, tara ga watan uku, da hantsi, ina kakkaɓe teburinki mai gadi ya leƙo ya ce ciwon da ya kwantar da ke ya zama ajali. Jiya kuma shugaban asibiti ya ce in goge sunanki daga na'ura. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ni ban yi boko ba. A jikin katunan nan na koyi haruffa, cikin shekara talatin da huɗu da na yi ina riƙe da makullin ɗakin. Da kika zo ban so ki ba, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka tsufana kika zo tozartawa. Wata biyu ina amsa gaisuwarki da ka kawai. Ran nan sai kika jawo kujera kusa da taki, kika ce, "Baba, makulli ne dai. Da na ƙarfe ne, yanzu na rubutu. Wa ya fi ka sanin wanda ya dace ya shiga?"

Allon kwamfutar baƙi ne wuluk, ba hoto, ba abin taɓawa, sai wani ɗan ɗigo yana ƙyafta ido. A bayan tsohon kati kika rubuta mini umarni uku: na buɗe wa mutum suna, na sa masa kalmar sirri, na ba shi izini. Da yatsa ɗaya nake bugawa, kamar kaza na tsintar hatsi. In na manta alamar rufe umarni, na'urar ta yi shiru, ni kuma in zauna ina harararta, sai ki ce, "Jiranka take, Baba, ba ka gama maganarka ba."

Mutum na farko da na buɗe wa suna shi ne shugaba, na kuwa ba shi izinin komai da komai, don babba ne. Kika yi dariya har da hawaye. Kika ce na'ura ba ta san furfura ba, kowa gwargwadon aikinsa. Na yi musu har azahar, amma na rage masa.

Babban kuskurena shi ne na wani akawu da muka yi cacar baki kafin ya bar aiki. Yana fita ƙofa na goge sunansa, raina fes. Washegari duk katin da ya taɓa shigarwa ya zama ba a san hannun wa ya rubuta shi ba. Kwana biyu kika yi kina gyara, ba ki ɗaga mini murya ba, ba ki kai ni gaba ba. Da kika gama kika ce, "Ba a goge mutum, Baba. Kulle ƙofarsa ake yi. Ko ya tafi, aikinsa na nan."

To jiya shugaba ya ce sabon injiniya zai fara aiki jibi, wato gobe ke nan, in buɗe masa suna, in cire na marigayiya. Na ce buɗewa zan buɗe, gogewa kuwa a'a. Ya ce, "Baba, wannan taurin kai naka fa!" Na ce, "Ranka ya daɗe, kati dubu arba'in ne ke ɗauke da sunanta. Ka karɓi makullinka in ka so." Bai karɓa ba, bai kuma ce ya yarda ba.

Ɗakin ya yi mini girma yanzu. Kofinki na nan, kujerarki na nan, fanka na juyawa. Cikin waɗanda suka shanya katunan nan da ni, ni kaɗai na rage. Ɗazu na manta alamar nan, ɗigon ya yi ta ƙyaftawa, na daɗe zaune ina jiran a yi mini magana.

Allah Ya jiƙan ki, 'yata, Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki. Haƙurin da kika yi da tsoho mai kunnen ƙashi, Allah Ya sa shi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, da maigidanki, da 'yan matanki biyu da kullum kike nuna mini hotonsu. Allah Ya ba su dangana, Ya raya abin da kika bari.

Gobe da sassafe, in Allah Ya kai mu, zan buɗe ɗakin kafin kowa ya zo. Zan buɗe wa baƙon nan suna, in ba shi izini gwargwadon aikinsa. Naki kuma zan kulle shi da yatsana, in bar shi inda yake.