Layi biyu a jinin Hafsa

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu turo min "Rabi, ko kin mutu ne?", ga amsarku: ban mutu ba, amma na leƙa.

Ina da cikin wata huɗu, maigidana bai daɗe da rasuwa ba, zazzaɓi ya fara. Sai tari, sai gudawa, sai wani farin abu a harshe. Kowa ya ce laulayi ne. Ranar da jiri ya kayar da ni a gaban injin saƙa tabarmar roba a kamfanin da nake aiki a Sharada aka kwashe ni zuwa asibiti.

Aka ɗebi jini. Nas ta tura ƙofa, ta jawo kujera kusa da ni. Tun daga zaman nan na san ba lafiya ba.

Ƙanjamau.

Na ji tsoro, wallahi, amma ba don kaina ba, don abin da ke cikina. Aka ɗora ni a kan magani, ƙwaya ɗaya kullum, kyauta, kuɗin mota ne kawai nawa. Kafin na haihu ƙiba ta dawo, gwaji ya daina ganin ƙwayar cutar a jinina. Na haifi Hafsa. Aka ba ta nata maganin na ruwa, aka ce in shayar da ita hankalina kwance. Da ta yi sati shida suka ɗiga jinin dunduniyarta a takarda, suka ce za a kira ni.

Shiru har ta yi wata huɗu. Ni kuma kun san ni da gajen haƙuri.

Na ɗauke ta zuwa wani kemis a Panshekara, na ce mai kemis ɗin ya gwada ta da tsinken nan da ake gwada manya. Layi biyu suka fito, irin nawa sak.

Ban faɗa wa kowa ba. Na yanke wa kaina hukunci cewa nonona ne ya zuba mata cutar. Washegari na kai ta ƙauyenmu a Jigawa, na ce wa Inna, mahaifiyata, nonona ba shi da kyau. A wurinmu in mace ta faɗi haka ba a ja da ita, kaka ce ke karɓar yaye. Inna ta karɓe ta, ta ce Allah ya raya.

Na dawo aiki ƙirjina kamar dutse. Duk sanda jaririn wata ya yi kuka a bakin get, sai gaban rigata ya jiƙe. In shiga banɗaki in matse, in zubar, in yi kuka, in koma inji. Kewarta ta fi min ciwon zafi.

Ranar karɓar magani likita ta tambaye ni ina 'yar. Na ba ta labari. Ta buɗe fayil, ta juyo min da takarda. Sakamakon dunduniya ya iso: babu cutar.

Ta ce, "Rabi, tsinken nan ba ƙwayar cutar yake gani ba. Sojojin da jikinki ya ƙera don yaƙar ta yake gani. Tun a ciki kika ba Hafsa su, kuma suna iya kai shekara ɗaya da rabi kafin su ɓace."

Na tambaye ta, to tunda sojojina na jikinta, ba za su kare ta ba? Ta ce ba a dogara da su. Wai ƙwayar tana da riga, kuma da rigar sojojin ke gane ta, kamar yadda maigadin kamfani ke gane mu da yunifom. Ita kuwa kullum sauya riga take, ta kuma lulluɓe ta da wani abu dangin sukari. Sai dai akwai 'yan wuraren da ba ta iya sauyawa sosai, kamar inda take cafke ƙwayoyin jikinmu da shi. Masu bincike na ƙoƙarin haɗa rigakafin da zai koya wa jiki, mataki-mataki, ya ƙera sojojin da ke gane waɗannan wuraren. Ta ce ba a kai ga samu ba tukuna.

Tun ranar nake roƙon Allah ya nuna min sanda zan riƙe hannun Hafsa a yi mata wannan allurar.

Amma nono ya riga ya ƙafe. Ga aikin shifta, yau dare gobe rana, ba mai riƙe min ita. Inna ta ce a bar ta tunda ta saba. Sau ɗaya a wata nake zuwa ganinta.

Don Allah, masu irin lalurata: ku sha magani kullum, kada ku gwada jariri a kemis, kada ku yaye shi ba da sanin likita ba. In sakamako ya yi jinkiri, ku je da ƙafarku ku tambaya.

Na gode wa Allah, na gode wa likitata, na gode wa Inna da ta ji gaskiya daga baya ba ta sauya min fuska ba.

Jiya aka yi wa Hafsa gwajin ƙarshe. Layi ɗaya. Na durƙusa na buɗe mata hannu ina kuka. Ta tsaya ta kalle ni, ta juya da gudu ta ƙanƙame ƙafar Inna.

Lafiyarta ƙalau, alhamdulillahi. Anti take ce min. Ina jira.