Kwana Uku a Abuja Saboda Kunyar Ɗiyar Fari

Asabar: Gwandu, Kalgo, Abuja

Ƙarfe biyar saura kwata na bar gida a Gwandu, ban ko jira kiran assalatu ba. Akwati ɗaya na tufafi, ɗaya na kayan jego: garin gero, kanwa, yaji da daddawa. Ɗiyata ta fari ce ta haihu ranar Laraba a Malesiya, inda mijinta ke karatu. Aiki aka yi mata, kuma ba ta da kowa a ƙasar sai shi, mutumin da ko ruwan shayi bai iya dafawa ba. Tikitina na Lahadi ne. In an tashi lafiya in isa Litinin, suna Laraba.

Shida da 'yan mintoci na iso Kalgo, gidan ƙanena Bello, wanda ya kama mini gaban mota a tasha. Yana sa kayana a but yana tsokanata: "Yaya, halan ɗoki ya hana ki kwana?"

"Ɗokin mi? Waccan yarinya ce ta hwara haihuwa a duniya?"

Haka nake ce mata, waccan yarinya. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Shekara ashirin da takwas ban taɓa furta sunanta ba.

Mun bi Jega, Koko, Yawuri. Kafin Kwantagora na ƙirga shinge goma sha ɗaya na daina, don direba ya ce ƙirga su na ƙara masa hawan jini. A Yawuri muka yi azahar, na ci tuwon shinkafa da kifi. Bayan magariba muka shiga Abuja, na sauka gidan wata tsohuwar ɗalibata, don shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare.

Lahadi: filin jirgi

Jirgi ƙarfe biyu saura minti ashirin, ni tun tara ina layi. Sha biyu aka ce an ɗaga zuwa huɗu. Huɗu aka ce shida. Shida da rabi wani mai taye ya fito ya ce jirgin bai ma baro ƙasarsu ba, an soke. Ashe tun safe sun sani! Suka bar mu muna gadin akwatuna, abin da suka ba mu duka ruwan roba ɗaya da biskit.

Aka ce kowa ya je tebur a sake masa rana. A gabana wata Hajiya Tumba ce, 'yar kasuwa daga Jega, da muka saba a layi. Ta buga tebur ta ce kayanta na kan ruwa, in ta makara kamfanin zai biya. Nan take aka ba ta Laraba. Da aka zo kaina, yarinyar da ke teburin ta tambaye ni da Turanci, ba ta ko ɗaga kai ba: "Mama, tafiyar ta gaggawa ce? Akwai mara lafiya?"

Ga maza cike a bayana, har da wani dattijo ɗan Argungu. In buɗe baki in ce ɗiyata ce, hankalina ya tashi? Sai na ji bakina ya ce, "A'a, ziyara ce kawai."

Ta ce, "To, za mu kira ki."

Wallahi da na san abin da kalmar nan za ta ja mini, da na haɗiye ta.

Litinin: waya

Ba wanda ya kira. Ni na kira su, sau bakwai. Wata murya ta ce in danna ɗaya, in danna uku, sannan a sa mini kiɗa, kamar biki na zo. Minti arba'in ina riƙe da waya, can wani ya ɗauka ya ce yana matuƙar ba ni haƙuri, amma wannan aikin ofishin filin jirgi ne. Na hau tasi na je filin jirgi, suka ce aikin ofishin cikin gari ne. Na iso ofishin cikin gari huɗu da minti goma, mai gadi ya ce an tashi ƙarfe huɗu. Kai jama'a! Ko ɗan aji ɗaya na aika da saƙo ya fi su sanin inda zai kai shi.

Da la'asar sakaliya surukina ya bugo. An sallame su daga asibiti. Ya ce, "Inna, ba ta iya miƙewa ita kaɗai, jaririn kuma ya ƙi kama nono. Ruwan wankan, a butar shayi zan dafa?" Ina jin kukanta a bayansa, tana ƙoƙarin ɓoyewa. Na ce ya dafa, ya surka, ya riƙe ta da kyau. Da na ajiye wayar na kasa cin abinci.

Talata: ofishin cikin gari

Bakwai da rabi ina bakin ƙofa. Aka ba ni lamba, na zauna har sha ɗaya. Wani saurayi ya duba kwamfuta ya ce an sa ni Asabar mai zuwa, don an rubuta tafiyata ba ta gaggawa ba ce. Na ce wa ya rubuta? Ya ce ai ni na faɗa.

Sai ga Hajiya Tumba ta shigo karɓar takardarta. Da ta ji yadda aka yi, ta riƙe haɓa. "Malama, ke ko! Waɗanga ba su san kunya ba, abin da kunnensu ya ji shi suka rubutawa. In kin yi kara, su gode miki su ba wani kujerarki. Hwaɗi musu ko wa ag gare ki can!"

Ofishin cike yake. Na miƙe, na ce da ƙarfi: "Ɗiyata ce. Sunanta Safiya. An yanka cikinta kwana shida ke nan, ba ta da mai kula da ita a can, ni ce uwarta. Ba zan bar wurin nan ba sai da kujera."

Saurayin ya shiga ciki, minti biyar ya fito da kujerar Laraba. Minti biyar! Kenan kujerar tana nan tun Lahadi.

Laraba da Alhamis: hanya

Ina zaune a ɗakin jiran jirgi aka turo mini hoton suna, Abdurrahman. Ɗalibai shida a falo da lemon kwalba, ita tana gefe a kan kujera, ba mace ko ɗaya kusa da ita. Na ja mayafi na rufe fuska na yi kukana.

Mun tashi uku da kwata, muka sauka wata ƙasar Larabawa aka sauya jirgi, awa shida muna jira. Alhamis bayan la'asar muka sauka, surukina ya ɗauke ni. Akwatin kayan jego bai zo ba, sai bayan kwana tara, daddawar ta cika ofishin kamfanin jirgin da wari. Ban ji tausayinsu ba.

Na same ta kwance, ta rame, leɓɓanta sun bushe. Ban tsaya gaisuwa ba, na ce, "Safiya, miƙo mini yaron, ki tashi in gasa miki jiki."

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta yi dariya, hawaye na zuba. "Inna, ashe kin san sunana?"

Komawa gida

Sai da ta yi arba'in na juyo. A dawowa awa huɗu kawai suka ɓata mana, wanda a wurinsu kyauta ce. Bello ya tarbe ni a Kalgo, na shiga Gwandu ranar Juma'a ana fitowa daga masallaci.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni. Na gode wa Bello, da ɗalibata da ta riƙe ni kwana huɗu, da Hajiya Tumba da ta buɗe mini baki. Kamfanin jirgi kuwa sun turo saƙo wai in faɗi yadda na ji daɗin tafiya da su. Wahalar da suka ba ni na yafe. Kwana ukun da Safiya ta yi tana kuka ba uwa kusa, wannan ba nawa ba ne balle in yafe.